Kafin Ka Kwance Labulen Taga

'Ya'yana, maza da mata, akwai ayyukan da a gida ko a ofis kullum kanku suke faɗawa, saboda ku ne masu ƙafar hawa kujera da idon zura zare. Cikinsu har da tsabtace labulen taga na zamani, wannan mai siraran fallaye na alminiyam ko roba ko katako, wanda ake murɗa sanda ya buɗe, a ja igiya ya tattare sama. A da sai a banki ko asibiti ko ofishin gwamnati ake ganinsa. Yanzu ya shiga ɗakin amarya, ya shiga shagon tela. Aikinsa ɗaya da na asabarin da kakanninmu ke ratayawa a bakin ƙofa: ya tare rana da idon mai wucewa, ya bar iska ta shiga. Sai dai shi asabari in ya yi ƙura, sauke shi ake yi a jibge shi da sanda a mayar. Wannan kuwa ranar da ka yi masa haka, ranar za a fara neman kuɗin sabo.

Kuma a wajenmu ba ya jimawa bai yi ƙura ba. Tun daga Nuwamba har wajen Maris, iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas tana kwaso ƙurar Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ta zo ta sauke mana ita a Kano da Sakkwato da Damagaram. Ƙura ce mai laushi, rufe taga bai hana ta shiga. Labule mai falle hamsin kuwa wurin kwanciya hamsin ya tanadar mata. Shi ya sa wata rana Hajiya ko maigidanka na wurin aiki zai ɗaga kai ya ce, "Kai, a sauke abin nan a wanke shi." Kai kuma jini na tafasa, sai ka rarumo sukundireba.

Dakata tukuna. In na ce "ka", har da ke nake. Kwance abu ba gwaninta ba ce, ɗan shekara biyar ma in ka ba shi rediyo zai kwance maka ita tas. Gwani shi ne wanda tun kafin ya warware ƙulli ɗaya, ya riga ya san ta inda igiyar ta bi da abin da take riƙe da shi. Labulen nan babu inda yake neman ƙarfi. Duk wurin da ka ji ya ƙi motsi, akwai abin da idonka bai gani ba ne, in kuwa ka dage ka sa ƙarfi, garin neman gira za ka rasa ido.

Fara da tambayar kanka: sai an sauke shi ɗin? Sau da yawa ba sai an sauke ba. In ƙura ce kawai, ka sake shi har ƙasa, ka murɗa sandar fallayen su rufe, ka zura hannu cikin tsohuwar safa mai tsabta. Ɗaya hannun ya riƙe ƙarfen ƙasa don kada labulen ya yi ta lilo. Ka bi su daga sama zuwa ƙasa, kowane falle kana shafa shi a tsawonsa, sannan ka juya su ɗaya fuskar ka maimaita. Busasshen tsumma shi ne na farko, wannan kada ka manta. Wanda ya fara da jiƙaƙƙe ya kwaɓa ƙurar ta zama laka, ta shige ramukan igiya ta bushe a can, gobe a ja labule ya ƙi tafiya. In ana yi masa wannan shafar duk mako a lokacin hunturu, sai ya shekara bai nemi wanka ba.

Saukewa tana wajaba ne in maiƙo ya kama shi, kamar na tagar kicin da hayaƙin suya ke bugunsa, ko na tagar da ke kallon janareta. Haka nan in igiya ta tsinke, ko falle ya karye. Kuma kafin ka taɓa, ka san na wane ne. In gidan haya ne ko ofis, ka nemi izini. Kayan mutane amana ne, kuma "ai gyara na so in yi" ba ta taɓa biyan kuɗin abin da aka ɓata ba.

To an ba ka izini. Ɗauko wayarka ka yi masa hoto: gaba ɗayansa, da gefen da igiya take, da gefen da sanda take, da ƙarƙashin ƙarfen ƙasa. Sannan ka buɗe fallayen su kwanta a miƙe, ka ja igiya labulen ya tattare sama gaba ɗaya, ka kulle. A tattare ake sauke shi, domin a haka ne fallayen ke kare juna. Wanda ya sauke shi a sake, kafin ya diro daga kujera ya lanƙwasa uku ko huɗu. In akwai wani falle na ado da ya rufe fuskar akwatin sama, zare shi daga 'yan robobin da ke riƙe da shi. Sandar murɗawa a ƙugiya take, cire ta ka ajiye. Sai ka duba maƙalan da ke riƙe da akwatin. Wasu kamar ɗan gida suke a kowane gefe, da 'yar ƙofa da ake ɗagawa da bakin sukundireba mai faɗi, sai akwatin ya zaro ta gabanka. Wasu kuma matsewa suke yi, sai ka danna harshensu ko ka tura akwatin baya kaɗan kafin ya saki. Maƙalan kansu ka bar su a bango, ba ruwanka da ƙusoshinsu. In faɗin labulen ya wuce buɗin hannuwanka, kira ɗan'uwanka ya riƙe ɗaya gefen, ba abin kunya ba ne.

Yanzu ka shimfiɗa tabarma ko tsohon zane, ka kwantar da shi, ka zauna ka leƙa cikin akwatin nan. Minti goman da za ka yi kana kallo sun fi duk sauran aikin amfani.

Za ka ga wani siririn ƙarfe ya ratsa akwatin daga wannan gefe zuwa wancan. A jikinsa akwai 'yan ganguna biyu ko uku, kuma daga kowace ganga igiya biyu sun sauka, ɗaya ta gaban fallaye ɗaya ta baya, da 'yan zarurruka a gicciye suna haɗa su hawa-hawa. Wannan shi ne tsani, kuma kowane falle a kan matakinsa yake kwance, ba a ɗaure yake ba. In ka murɗa sanda, wata 'yar na'ura mai haƙora ce ke juya siririn ƙarfen, gangunan su juya, igiyar gaba ta hau ta baya ta sauka, sai fallayen su karkata gaba ɗaya. Wannan hanya ɗaya ke nan.

Hanya ta biyu daban take, kuma a nan yawancin masu kwancewa ke rikicewa. Igiyar da kake ja ta shiga akwatin ta wani ɗan birki a gefe, ta bi tsawon akwatin, ta sauka ta cikin ramukan da aka huda a jikin fallaye, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarfen ƙasa, inda aka ƙulle ta aka rufe da ɗan murfin roba. Ita aikinta ɗagawa kawai: ta ja ƙarfen ƙasa, shi kuma ya kwashi fallayen ya yi sama da su. Ka kusanto da idonka ka ga wani abu. A yawancinsu igiyar ba miƙewa take yi kawai ba, tana wuce matakin tsani na farko ta damansa, na biyu ta hagunsa, na uku ta dama, haka har ƙasa. Wannan saƙar ita ke hana tsanin zamewa gefe ya bar fallen. Wanda bai lura da ita ba zai mayar da igiya duk ta gefe ɗaya, ya rataya, ya rasa dalilin da ya sa labulen ke gantsarewa. Tsarin nan ba na jiya ba ne. Tun 1769 aka yi rajistar fasahar irin wannan labule a Landan, na katako a lokacin, kuma a 1946 kamfanin Hunter Douglas ya fito da na alminiyam mara nauyi. Abin da ya daɗe haka a hannun mutane, babu zaren da aka bar masa don ado.

Wanki kansa ba ya bukatar a warware ko da ƙulli ɗaya. Na alminiyam da na roba suna shan ruwa lafiya. Ka zuba ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a babban baho, da ɗan sabulun wanke-wanke. Ka sassauta labulen ka tsoma fallayen, akwatin sama kuwa ka ɗora shi a bakin bahon, kada ya shiga ruwa, saboda akwai ƙarfen da ke tsatsa a cikinsa. In bahon ya yi kaɗan, kada ka naɗe fallaye don su shiga. Gara ka rataya shi a igiyar shanya ko ka shimfiɗa shi a kan zane a tsakar gida, ka bi shi da soso mai laushi. Soson ƙarfe da toka na tukunya ne, fentin falle ba ya jure su. Ka yi hankali da gefen na alminiyam, yana yanka yatsa. Ka ɗauraye, ka tsane shi da tsumma nan take, domin ruwan rijiya da na burtsatse kan bar farin tabo in ya bushe da kansa. A inuwa za ka shanya, musamman na roba, don zafin rana na lanƙwasa shi. Na katako kuwa ko kusa da baho kada ya je. Ruwa na kumbura shi, ya bushe a karkace, kuma ba ya dawowa. Tsumma mai ɗan danshi, sai busasshe a bayansa, shi ke nan.

Sai batun gyara, wanda shi ne ainihin inda ake warware ƙulli. Falle ɗaya ya karye, ko ya samu karyar da ba ta miƙewa, don shi alminiyam in ya yi layi ya yi ke nan. Ba sai ka sayi sabon labule ba, kuma wataƙila ba sai ka sayi falle ba. Duba ƙasa: galibi labule ya fi tagarsa tsawo, za ka ga 'yan fallaye sun taru a kan ƙarfen ƙasa ba su aikin komai. Daga cikinsu za ka ɗauki na canji. Ka ɓamɓare 'yan murafan roban da ke ƙarƙashin ƙarfen ƙasa, ka zuba su a kofi don kada su ɓace. Ka zaro ƙullin igiyar ɗagawa ka warware shi da haƙuri. In ya ƙi, ka yanke shi daf da ƙullin, kuma ka yanke daidai wannan tsawon a ɗaya igiyar. Tsani kuwa almakashi bai taɓa shi. Sai ka zaro igiyar sama, falle bayan falle, iyakar inda mai laifin yake. Nan za ka tsaya. Kada daɗin zarewa ya ɗauke ka ka fitar da ita har cikin akwati, domin mayar da ita ta birki aiki ne na daban. Zare karyayyen ta gefe, ka zura lafiyayyen a kan matakinsa, ka tabbata bayansa mai tudu yana kallon inda na sauran ke kallo. Sannan ka sauko da igiyar ta ramuka, dama da hagu kamar yadda ka same ta. In bakinta ya tarwatse, ka ɗan nuna masa wutar ashana, zai narke ya haɗe ya yi tsini, tunda irin zaren roba ne. Kafin ka ja ƙulli ya ƙarfafa, ka ɗaga labulen ka gani ko ƙarfen ƙasa ya daidaita. Bambancin rabin yatsa tsakanin igiyoyin biyu ya isa ya sa labule ya hau a karkace har abada.

In igiyar ce ta tsufa ta fara cin kanta, kada ka jira ta tsinke, kuma kada ka zare ta kafin ka kawo sabuwa. Yanki guntunta ka tafi da shi kasuwa, don kaurinsu ya bambanta, kuma wadda ta yi kauri ba ta wuce birki, wadda ta yi siriri birki ba ya kama ta. Tsawon da za ka saya, ka auna tsayin taga sau biyu ka ƙara faɗinta, ga kowace igiya. Dabarar ita ce ka haɗa bakin sabuwar da na tsohuwar a ƙasa, ko da zare da allura ko ka narka bakunan ka manna su, sannan ka ja tsohuwar a hankali ta wajen da ake ja. Ita za ta yi wa sabuwar jagora, ta bi da ita duk ramuka da lungunan akwati har ta fito.

Wani lokacin kuma babu abin da ya lalace, labule ne kawai ya maƙale a sama ya ƙi saukowa, sai ka ga mutum yana ta fizgar igiya yana tsaki. Birkin nan ɗan ƙarfe ne mai haƙora da ke danne igiya. Ana sakinsa ne in an ja igiyar ƙasa kaɗan zuwa wajen tsakiyar taga, ana kulle shi in an karkata ta waje. In ya ƙi duk da haka, sauke labulen ka danna ɗan ƙarfen da bakin sukundireba, zai saki. Ka hure ƙurar da ke ciki da busasshen burushi. Abin da nake roƙonka, kada ka ɗiga masa baƙin mai ko man gyaɗa. Ranar farko zai yi santsi ka ji kai injiniya ne, bayan wata ɗaya man ya haɗu da ƙura ya zama danƙo, ya kuma ɓata igiyar.

Sauran nau'o'in ba sai na tsawaita ba. Mai fallaye a tsaye, irin na ofis, kowane falle a ƙugiyarsa yake rataye. Ka cire 'yar sarƙar da ke haɗa su ta ƙasa, ka zare nauyin da ke cikin aljihun kowanne, ka tura tsohon katin roba tsakanin falle da ƙugiya don harshen ya buɗe, sai ya zamo. Fizga ce ke yaga ramin. Ba a cuɗa shi, ba a matse shi, kuma da ɗan danshinsa ake mayar da shi a sa masa nauyinsa ya miƙe. Shi wannan kullum sai an juya fallayen sun buɗe kafin a ja su gefe, rashin yin haka ke karya haƙoran cikinsa. Mai naɗewa a jikin bututu kuma, in irin mai sifirin ne a ciki, kada ka buɗe bututun, sifirin ɗin a ɗame yake, yana iya kufcewa ya ji maka ciwo. In sifirin ya yi sanyi labulen ba ya hawa, ja shi zuwa rabi, ka sauke, ka naɗe da hannu, ka mayar.

Akwai abu biyu da suka fi tsabta da gyara nauyi, kuma saboda su ne ma na ga ya dace in yi muku wannan doguwar magana, don ku ne ke goyon ƙanne, gobe kuma ku ne iyaye.

Na farko gubar dalma. A 1996 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu labulayen roba da ake shigar da su ƙasar an sa musu dalma wajen ƙira, kuma in rana da zafi sun daɗe suna dukansu, robar na rugurgujewa, ƙurar dalma ta taru a kan fallaye. Yaro ya shafa, ya kai hannu baki. Bayan nan masana'antun suka canza haɗin. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Don haka tsohon labulen roba na gwanjo da ba a san asalinsa ba, in ka shafa ka ga yana sakin gari a hannu kamar alli, wannan ba na wankewa ba ne. A cire shi daga ɗakin yara, kai ma ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa.

Na biyu igiyar kanta. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga ya nuna cewa daga 1990 zuwa 2015, yara 'yan ƙasa da shekara shida kusan 17,000 aka kai sashen gaggawa a Amurka saboda labulen taga, kuma 271 sun rasu, kusan dukkansu igiya ce ta shaƙe su. Abin na faruwa cikin 'yan mintuna, kuma ba ihu, domin wanda aka shaƙe ba ya iya kuka. Uwa tana kicin, yaro yana wasa a gefen gado, ya sa kai cikin zoben igiya, ƙafa ta zame. Shi ya sa tun 2014 ƙa'idar Turai ta wajabta na'urorin kariya a jikin waɗannan igiyoyi, kuma daga Disamban 2018 ƙa'idar Amurka ta ce labulen da ake sayarwa a kanti ya zama mara igiya, ko igiyarsa ta kasance inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wanda ke rataye a ɗakinku kuwa ba lallai ne ya bi wannan ƙa'ida ba, kai ne za ka duba.

Saboda haka in ka gama, ka mayar da akwati cikin maƙalansa, ka ji sun kama, ka gwada ɗagawa da saukewa da juyawa, aikinka da saura. Kada ka ƙulle bakunan igiyoyin wuri ɗaya su zama zobe. In sun yi tsawo, rage su. Ka kafa ƙugiya ko ƙusa biyu a bango, aƙalla mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a riƙa naɗe igiyar a kai duk lokacin da aka ɗaga labule. Labulen da ake ja da sarƙa kuma a ɗaure sarƙarsa a bango ta tsaya a miƙe. Sannan ka janye gadon yaro da kujera daga gindin taga, ka kuma nuna wa kowa a gidan inda ƙugiyar take. Yau za ka yi wannan, ɗana, ba sai ranar wanki ba.